Rigar ruwa: Tambayar da ya kamata a amsa a Dutse kafin jirage masu gudu su cika kogunan Jigawa

Wanda ya zauna a Dutse, tsakanin duwatsu da ofisoshin sakatariya, ba lalle ne ya ɗauki Jigawa a matsayin jihar ruwa ba. Amma da zarar watan Agusta ya kama, aka yi arewa ta Kiyawa zuwa Jahun da Miga, ko aka nufi Ringim da Taura, sai a tarar da wata Jigawar daban. Fadamun Kogin Haɗeja sun cika sun batse, hanyoyin ƙauyuka sun nutse, kwale-kwale ya zama shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti, shi ne kuma abin hawan yaran da ke zuwa ƙwadago a gonakin shinkafa.

Abin da ke biyo baya kuwa ya kusa zama al'ada. A watan Agustan 2024, wani kwale-kwale ɗauke da kimanin mutum 20 ya kife a kogin Gamoda, kusa da ƙauyen Nahuce a Ƙaramar Hukumar Taura. A ƙarshen Yulin 2025, a Taurar dai, ruwa ya ci yaran Zangon Maje, yawancinsu 'yan mata ƙanana, a hanyarsu ta dawowa daga gona. A farkon Janairun 2026, lokacin da ba wanda ke maganar ambaliya, jirgin da ya taso daga Adiyani ta Ƙaramar Hukumar Guri zuwa Garbi ta Nguru a Jihar Yobe ya kife bayan faɗuwar rana, aƙalla mutum 25 suka rasu. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Bayan kowace jana'iza, kira biyu ake ji daga bakin shugabanni da jama'ar gari: a raba rigunan kariya daga nutsewa, a kuma maye gurbin tsofaffin jiragen katako da na zamani masu inji. Duka biyun kira ne na gaskiya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kira na biyu yana sauya ma'anar na farko. Jirgin da ake tuƙawa da gora da jirgin da inji ke turawa a guje ba hatsari iri ɗaya suke yi ba, don haka rigar da ta wadatar a ɗayan tana iya gazawa a ɗayan. Mu kuwa har yanzu da adadi muke maganar rigar ruwa, dubu kaza aka saya, ɗari kaza aka raba. Wace iri ce, girmanta nawa, wa za ta ɗauka, wannan ba a faɗa a wurin bikin rabo.

Inda aka kwana a matakin tarayya

Ba za a ce gwamnati ta yi shiru ba. Tun bayan hatsarin Wara a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a Jihar Kano a ranar 30 ga Nuwamban shekarar, inda ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi suka nutse a Dam ɗin Watari, da na Patigi a Jihar Kwara a watan Yunin 2023 da ya ci 'yan biki sama da 100, maganar sufurin ruwa ta fita daga hannun masunta da 'yan fito ta shiga ofis. An kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023, aka ba Adegboyega Oyetola. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta fito da kundin dokokin sufurin ruwa wanda ya wajabta sanya rigar kariya, ya kuma hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima. A watan Afrilun 2025 ministan ya ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12 a Minna, kuma ya sha kira ga gwamnoni da su kawar da jiragen katako su sayi na faiba da na alminiyam.

Wannan kira na ƙarshe shi ne ya shafe mu. Jirgin faiba ba a yi shi don tuƙi da gora ba. Inji ake maƙala masa a baya, kuma idan injin mai ƙarfi ne, jirgin kan ɗaga hanci ya yi ta sulɓi a saman ruwa, ya wuce kilomita 40 a awa ba da wata wahala ba. Irin sa ne hukumomin agaji ke bukata idan ambaliya ta yanke gari, irin sa ne ke kai jami'ai duba ɓarna da raba kayan tallafi, kuma ba makawa irin sa ne ɗan kasuwa mai jari zai saya ranar da ya lissafa cewa sawu uku zai yi kafin mai gora ya yi ɗaya. Abin da babur ya yi wa jaki a hanyar ƙauye, shi inji zai yi wa gora a mashigi.

Gudu na sauya lissafi

Idan kwale-kwale ya kife a ruwan fadama, mutum zamewa yake yi ya shiga ruwa, yawanci da hankalinsa. Abin da ke kashe shi rashin iya iyo ne, ko firgita, ko riƙon wanda ke kusa da shi, ko nauyin tufafi. Duk rigar da ke iya ɗaga kansa sama da ruwa ta ba shi damar rayuwa har a kawo ɗauki.

Jirgi mai gudu kuwa cilli yake yi da mutum. Lissafin kimiyya a nan mai sauƙi ne: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninkawa huɗu yake yi. Wanda aka jefar daga jirgin da ke tafiyar kilomita 50 a awa, saurin da zai daki ruwa da shi daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. A irin wannan sauri ruwa ba ya buɗewa ya karɓi mutum, marin sa yake yi. Numfashi kan ɗauke, haƙarƙari kan karye, kai kan bugu da gefen jirgi ko benci tun kafin a kai ga ruwan. Sai mutum ya shiga ruwa a sume, iya iyonsa bai amfane shi da komai ba. Hausawa da suka ce ruwa kan ci gwani ba su ma san da inji ba.

Abu biyu ke nan ake nema daga rigar jirgi mai gudu waɗanda ba a matsa wa ta kwale-kwale a kansu ba. Na farko, ta zauna a jiki komai ƙarfin bugun. Riga mai igiya ɗaya a ƙugu, irin wadda ake zurawa ta wuya, ruwa kan fizge ta ya cire ta ta kai kamar yadda ake cire wa yaro taguwa. Shi ya sa rigunan da aka yi domin gudu suke da zif mai ƙarfi da maɗaurai uku ko huɗu a ƙirji da ciki, da kuma igiya mai ratsa tsakanin cinyoyi wadda ke hana rigar hawa sama. Masu tseren jiragen ruwa a Turai da Amurka ba a barin su su tashi sai da riga mai igiyoyin cinya da tudun wuya, ga hular kwano. Na biyu, ta iya juya wanda ya suma ta mayar da fuskarsa sama. Wannan shi ne bambancin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne ido bai cika gani ba idan rigunan suna jibge a shago, duka ruwan lemo, duka sababbi a leda.

Najeriya ta ga misali a bainar jama'a. A ranar 10 ga Afrilun 2024, jirgi mai gudu da ke ɗauke da ɗan wasan fim John Paul Odonwodo, wanda aka fi sani da Junior Pope, tare da abokan aikinsa, ya yi karo da kwale-kwale a Kogin Neja kusa da Asaba. Shi da wasu ma'aikatan fim ɗin suka rasu. Bidiyon da ya ɗauka a cikin jirgi kafin rasuwarsa ya nuna shi babu rigar kariya. Abin lura ga mutumin Jigawa shi ne yadda hatsarin ya auku: mai gudu ya haɗu da mai tafiya a hankali a ruwa ɗaya. Kogin Haɗeja bai kai Neja faɗi ba, ga lanƙwasa, ga ciyawar kacalla da ke toshe gani da hanya, ga kututture da komar masunta a ƙarƙashin ruwa. Ranar da inji ya yawaita a nan, haɗuwar mai gudu da mai gora za ta fi sauƙin aukuwa.

Lambar da ke jikin riga

Kowace rigar ruwa ta ƙwarai tana ɗauke da tambari a cikinta, kuma a tambarin akwai lamba da harafin N. Ma'aunin ƙarfin ɗagawa ne, ana kiran sa niyuton, kuma kowane niyuton 10 na ɗaga kimanin kilo ɗaya. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 12402 ta kasa rigunan gida huɗu: 50 da 100 da 150 da 275. Kada mai saye ya ɗauka lambar nauyin mutum ce. Jikin ɗan Adam a cikin ruwa kusan yawo yake yi da kansa, abin da babban mutum ke bukata 'yan kiloli ne kawai da za su riƙe kansa a sama.

Mai lamba 50 taimakon iyo ce, an yi ta ne don wanda ya iya ruwa kuma yake kusa da gaɓa, ba ta juya wanda ya suma. Mai lamba 100 an tsara ta domin ruwa mai kwanciya irin na tafki da kogi, tana da tudun wuya, ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace a ba fasinjan da bai iya iyo ba. Mai lamba 150 ita ake sa ran za ta juya sumamme fuskarsa ta kalli sama, in dai tufafinsa ba su yi nauyi ainun ba. Mai 275 ta ma'aikatan teku ce masu kaya a jiki, ba ruwanmu da ita a Miga ko Taura.

A nan ne zaɓi ke da wuya, kuma gara a faɗi gaskiya. Yawancin rigunan da ke kama jiki sosai, masu maɗaurai da yawa, waɗanda masu wasan gudu a ruwa ke sanyawa, masu lamba 50 ne. Suna jure bugu, ba sa juya mutum. An yi su ne bisa tsammanin akwai jirgi a kusa da zai tsamo wanda ya faɗi cikin minti ɗaya ko biyu. Masu juya mutum kuma galibi manya ne, masu kauri a ƙirji, suna takura wa mai aiki, ga zafi. Don haka matuƙi da ma'aikacin ceto wanda ya iya ruwa, yake bukatar hannuwansa a sake, yana iya ɗaukar ta farko in tana da igiyar cinya. Amma fasinja, ɗan kasuwar da ke hanyar Gujungu ko malamin asibitin da aka tura allurar rigakafi a tsallaken ruwa, a ra'ayina kada a ba shi abin da ya gaza 100, kuma idan jirgin mai gudu ne, a nemi 150 mai tudun wuya da igiyar cinya. Tsadarta ta fi, ba shakka. Amma a mashigin ƙauye ba minti biyu ake yi kafin ɗauki ya iso ba.

Akwai kuma wadda ke burge manya, siririya mai kama da gyale a wuya, wadda ke kumbura da iskar gas daga wata 'yar ƙaramar silinda idan an ja igiya ko idan ta jiƙe. Tana da daɗin sanyawa a kan kaftani, tana kuma yin kyau a hoto. Sai dai hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta shafe shekaru ba ta amince da ita ga 'yan ƙasa da shekara 16 ba, kuma ba a shawartar wanda bai iya iyo ba ko mai wasan gudu ya dogara da ita. Dalili a fili yake. Wadda ake ja da hannu ba ta da amfani ga wanda ya suma. Mai tashi da kanta kuma tana bukatar a riƙa duba ta, a sauya silinda bayan kowane amfani, a sauya ƙwayar da ke narkewa ta tayar da ita idan wa'adinta ya cika. Wane sito ne a sakatariyar ƙaramar hukuma zai riƙe wannan lissafi shekara uku a jere? Ga yanayinmu, riga mai soso a ciki, wadda ba ta jiran komai kafin ta yi aiki, ita ce abin dogaro.

Wani abin sha'awa, kafin a ƙirƙiro soson roba, da audugar rimi ake cusa rigunan ruwa, har da na sojojin ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, saboda zarenta ba ya saurin shan ruwa. Rimin nan dai da muka sani a bakin kasuwa. An bar ta ne saboda idan jakar da aka rufe ta a ciki ta huje, a hankali takan jiƙe ta yi nauyi. Masuntanmu kuma tun kaka da kakanni da gora suke shiga ruwa, kamar yadda ake gani a Argungu har gobe. Ke nan neman abin da zai ɗaga mutum a ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma mai cewa rigar ruwa rashin tawakkali ce ya tambayi masuncin garinsu dalilin rungumar gora.

Su wa ruwa ke ci?

A duba jerin waɗanda suka rasu a Bagwai, da Zangon Maje, da Dandeji ta Ƙaramar Hukumar Shagari a Jihar Sakkwato inda yara masu zuwa neman itace suka nutse a watan Mayun 2023. Yara ne da mata suka fi yawa. A duba kuma hotunan bikin rabon riguna a kowace jiha: kusan duka girman manya ne.

Rigar babba a jikin yarinya 'yar shekara tara ba rabin kariya ba ce. Da ta shiga ruwa rigar za ta taso sama ta rufe mata fuska, ko ita ta zame ta ƙasa rigar ta tafi ita kaɗai. Ƙa'idar jiragen teku ta duniya ta raba girma uku bisa nauyi: jariri ƙasa da kilo 15, yaro daga kilo 15 zuwa 43, babba daga 43 zuwa sama. Duk takardar sayen kaya da ta ce riguna dubu kawai, ba ta ce nawa ne na yara ba, ta riga ta yanke hukunci a kan wanda za a ceta. Gwajin girma ba ya bukatar na'ura: a ɗaure rigar, a kama kafaɗunta a ɗaga sama, in ta wuce kunnuwa to ta yi yawa.

Sai maganar sutura, wadda masu ƙera rigunan a Turai da Sin ba su yi tunaninta ba. Babbar riga idan ta sha ruwa takan naɗe ƙafa da hannu. Dogon hijabi idan aka sa shi a kan rigar ruwa yakan taso ya lulluɓe fuska, don haka rigar ce ya kamata ta hau kan hijabin a ɗaure. Mafi wuya ita ce mace mai goyo. Rigar an yi ta ne ta kwantar da mutum rigingine, fuska sama, baya a ruwa. Uwar da ta sa ta da jariri a bayanta, rigar da ta cece ta ita ce za ta danna ɗanta ƙarƙashin ruwa. Dole a sauke goyo kafin a shiga jirgi, a kuma samu 'yar rigar jarirai a mashigi. Wannan bayani ne da ya kamata ungozoma da malamar Islamiyya da gidan rediyo su ɗauka, domin ba a takardar da ke cikin leda ake samun sa ba.

Tsakanin ɗan kasuwa da jami'in saye

Rigar da za ta isa Harbo ko Nahuce ta hannu biyu za ta bi: ɗan kasuwar da ya ɗauko ta daga Legas ko Kano, da ma'aikacin da ya rubuta takardar kwangila a Dutse. Da yawa daga masu karanta wannan shafi ɗaya ne daga cikin biyun.

Ga ɗan kasuwa, jarabawar ita ce araha. Akwai rigunan da ba su da tambari, ba sunan kamfani, ba lamba, an cusa musu soson kwali ko na katifa. Soson katifa shan ruwa yake yi. Na rigar ƙwarai ramukansa a rufe suke, ko an huda shi ba ya jiƙewa. A watan Janairun 2016 'yan sandan Turkiyya sun kai samame wani shago a birnin Izmir, suka kama riguna sama da dubu da ake ɗinka wa 'yan gudun hijira masu tsallaka teku zuwa Girka, an cika su da kayan da ke nutsewa idan sun jiƙe. Inda duk bukata ta tashi kwatsam kuma mai saye bai san kaya ba, irin wannan sana'a takan ɓullo. Akwai ma masu ɗaukar falmaran nan mai ƙyalli ta ma'aikatan hanya a matsayin rigar ruwa saboda launinsu ɗaya. Wanda ya sayar da jabun atamfa ya cuci aljihu. Wanda ya sayar da jabun rigar ruwa ya sa mutum ya shiga jirgin da wataƙila da bai shiga ba, yana ganin yana da kariya.

Ga ma'aikaci kuwa, ƙarfinsa na cikin alƙalami. Jigawa na da hukumar tantance kwangiloli, ƙasa na da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, amma ba mai tantancewar da zai kama abin da takarda ba ta nema ba. Idan aka rubuta "rigar ruwa guda 2,000", ɗan kwangila ya kawo mafi araha, bai karya doka ba. Idan aka rubuta lambar ɗagawa, da ƙa'idar da rigar ta cika, da adadin kowane girma, da igiyar cinya, da usur, da kyalle mai ɗaukar haske don neman dare, to an ɗaure shi. Layi biyar ne a takarda. Kuma a raba kwangilar gida biyu, ta jiragen fito daban, ta jirage masu gudu daban, domin haɗa su a layi ɗaya shi ke sa a saya wa kowa mafi ƙaranci.

Duk takardar sayen jirgi mai inji kuma ta haɗa da igiyar kashe inji, wata 'yar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke tsayar da injin nan take idan ya faɗi. Jirgin da ya jefar da matuƙinsa yana iya ci gaba da zagaye a wuri ɗaya, farfela na sarar waɗanda ke cikin ruwa, rigunansu na riƙe da su a sama daidai inda za ta same su. Amurka ta wajabta amfani da igiyar a ƙananan jirage tun Afrilun 2021. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Bayan an tashi daga biki

Alƙaluman hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka na shekara da shekaru suna nuna cewa sama da 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse a hatsarin ƙananan jirage ba sa sanye da riga, a ƙasar da doka ta tilasta a ajiye ta a cikin kowane jirgi. Ke nan mallakar riga daban, sanya ta daban. A jirgi mai gudu ma babu zancen a ɗauko ta idan an ga alamar hatsari, domin hatsarin ba ya ba da alama.

A wurinmu matsalar takan fara tun daga rabo. Idan aka miƙa wa mutane ɗaya-ɗaya, kowa gida zai kai tasa, wata ta zama matashin kai, wata ta koma kasuwa. Wadda ta rage a jirgi kuma a kanta ake zama, soson ya lotse, ko a bar ta a rana daga Maris zuwa Mayu har yadin ya ƙone igiyoyin su tsinke. Rigar mashigi ce ya kamata ta zama, ba ta mutum ba: a ƙidaya, a rubuta mata lamba da sunan gari, a damƙa ta ga sarkin ruwa da shugabannin 'yan fito, a yi mata rumfa a inuwa, fasinja ya karɓa a wannan gaɓa ya ajiye a waccan. Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Janairun 2024 cewa ikon hanyoyin ruwa na cikin gida na Gwamnatin Tarayya ne, amma babu hukumar da ke Lokoja da za ta iya tsayar da ma'aikaci a kowane mashigin da ambaliya ta buɗe jiya ta rufe bayan wata biyu. Wanda ke wurin kullum shi ne sarkin ruwa da mai unguwa, kuma masarautun Dutse da Ringim da Haɗeja sun fi kowa sanin su. Maganarsu ce ɗan fito ke ji idan aka ce kada a tashi.

Ba a ce riga za ta hana jirgi kifewa ba. Lodin mutum 40 a jirgin mutum 15, da tashi bayan magariba, da barin yaro ya yi tuƙi, da rashin gada a inda mutane ke tsallakawa kowace rana, waɗannan su ne ke kifar da jirgi, kuma kowannensu na bukatar nasa maganin. Aikin riga ya fara ne daga lokacin da duk waɗannan suka gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli domin tunawa da hakan, ranar da ta faɗo daidai lokacin da fadamun Jigawa ke fara cika.

Kafin wannan rana ta zagayo, akwai abin da Gwamnatin Malam Umar Namadi da shugabannin ƙananan hukumomin da ke bakin kogi za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Duk rigunan da aka kawo, kafin a sa hannu a takardar biya, a zaɓi goma daga tsakiyar buhu, ba waɗanda ɗan kwangila ya miƙo ba. A farke ɗaya a ga abin da ke ciki. A jiƙa biyu a ruwa su kwana, a auna su da safe. Sauran a kai su Dam ɗin Warwade da ke nan kusa da Dutse, a sa wa masu iyo na hukumar kashe gobara, babba da ƙarami, wani da kaftani wani da babbar riga, su faɗa ruwa daga jirgi yana tafiya, su saki jiki kamar sun suma, jami'in da zai sa hannu yana tsaye a gaɓa da agogo yana duba daƙiƙa nawa fuska ke yi kafin ta juyo sama.